Roba ko Foli: Bushin ɗin da Ya Dace da Motar Utai

Motar da ke neman abincinta tsakanin Utai da Wudil, ta leƙa Achika da Darki, wani sa'in ta miƙa har Kano, ƙafarta ce ke riga injinta gajiya. A cikin kayan ƙafar kuma wanda ke fara sallamawa shi ne mafi ƙanƙanta, wato bushin, ɗan dunƙulen robar nan da ke zaune a duk inda ƙarfen ƙafa ya haɗu da jikin mota. Akwai shi a bakin lowa-am, akwai shi a sandar sitabilaiza, da idon shakazoba, da kan sifirin ɗin baya na motocin ɗaukar kaya. Aikinsa irin na guringuntsin gwiwa ne: ya bar gaɓa ta motsa, ya hana ƙarfe cin ƙarfe, ya shanye duka kafin ya iso ga wanda ke zaune a ciki.

Shekara da shekaru babu wani zaɓi a nan sai tsakanin roba mai kyau da marar kyau. Yanzu an yi baƙo. Masu mota suna ganin wasu bushin masu launi a Facebook da TikTok, ja ko shuɗi ko ruwan ɗorawa ko shunayya, ana cewa sun fi roba ƙarko nesa ba kusa ba, wanda ya sa su ya huta. Su ne na foliyuretan, foli a taƙaice. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira ta faɗi, kuɗin kayan gyara ya yi tashin gwauron zabi, duk abin da aka ce wa direba zai rage masa zuwa gareji dole ya tsaya ya saurara. Maganar ƙarkon tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai ƙarko ba shi kaɗai ake nema a ƙafar mota ba, kuma shi kansa ƙarkon ya danganta da gurbin da aka sa bushin ɗin da irin hanyar da motar ke bi.

Tabbatar da cutar tukuna

Ƙarar ƙafa iri-iri ce, kuma an sha canza wa mota bushin alhali boljoyin ne ke kuka, ko tayarod, ko linkej ɗin sitabilaiza. Linkej ƙararsa ƙwal-ƙwal ce, mai yawa, a kan ƙaramar gargada. Bushin ɗin lowa-am kuwa idan ya mutu sai ka ji gum guda ɗaya mai nauyi daga ƙasa, lokacin da ka taka birki, ko ka tashi da mota, ko taya ta faɗa rami. Mota takan fizgi gefe ɗaya in an taka birki. A kan kwalta mai kyau, irin ta Wudil zuwa Kano, za ka ji tana yawo, kana ta bin ta da sitiyari. Taya kuma ta riƙa cin gefe guda, galibi na ciki, ko da kwanan nan aka yi mata saiti.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar ko sifana. A sami fili mai lebur, direba ya tafi a hankali kamar tafiyar ƙafa, sannan ya taka birki farat ɗaya. Wani ya tsuguna daga gefe, nesa kaɗan, idonsa a kan tayar gaba. Idan tayar ta ja da baya a cikin gidanta sannan ta dawo, babban bushin ɗin lowa-am ya gama aiki. A maimaita a ɗaya ɓangaren.

Daga nan sai a ɗaga motar, a sa mata waigi, a tokare ta da abu mai ƙarfi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Bakanike ya sa libar taya tsakanin lowa-am da mazauninsa ya danna. Roba mai rai takan ba da kai kaɗan ta dawo. Matacciya kuwa za ka ga bututun ƙarfen tsakiya yana motsi shi kaɗai, ya rabu da robar, ko ka ga tsaga ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan. Ka karɓi tocila ka duba da idonka. Ƙananan tsage-tsage a saman roba alamar tsufa ce kawai, ba dalilin kashe kuɗi yau ba ne. Wasu motocin kuma babban bushin ɗinsu mai ruwa ne a ciki, in ya fashe za ka ga baƙin danshi ya zubo a jikinsa.

Yadda kowannensu ke aiki

A nan ne duk maganar take, don haka a ɗan yi haƙuri da ni.

Robar da ake amfani da ita a mota dafaffiya ce, an gasa ta da farar wuta don kada ta narke da zafi ko ta sandare da sanyi. Ba'amurken nan Charles Goodyear ne ya yi rajistar wannan dabara a 1844. Bushin ɗin lowa-am na roba abu uku ne: bututun ƙarfe a tsakiya, gwangwanin ƙarfe a waje, roba a tsakaninsu, an manne su wuri guda tun a masana'anta. Idan taya ta hau tudu, lowa-am ya ɗaga, babu abin da ke gogar wani abu. Robar ce da kanta ke murɗewa, sannan ta warware. Tunda ba a gogayya, ba a buƙatar giris. Tunda kuma babu wata kafa tsakanin roba da ƙarfe, ƙura ba ta da wurin shiga. Ka sa shi ka manta da shi har ranar da ya mutu.

Foli ya zo daga baya. Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka haɗa shi a Leverkusen ta ƙasar Jamus a 1937, kuma danginsa ne soson katifa da tafin wasu takalma. Wanda ake yin bushin da shi mai tauri ne, bai iya murɗewa kamar roba. Shi ya sa aka sauya tsarin: yawanci gida biyu ne, a tura ɗaya ta wannan gefe, ɗaya ta wancan, sannan a zura bututun ƙarfe mai santsi a tsakiya. Idan lowa-am ya motsa, bututun da folin ne ke gogar juna. Duk inda kuwa ake gogayya sai da giris.

To ka kawo wannan tsari ƙasarmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana zubo ƙura mai laushi wadda ke shiga ko'ina. Da zarar an sauka daga kwalta an kama hanyar gona ko ta ƙauye, yashi da jar ƙasa ne ke wanke ƙasan mota. Da damina, musamman a Agusta, mota tana ratsa kwatami da taɓo, ruwa ya wanke giris ɗin da ke bakin bushin, laka ta maye gurbinsa. Giris ɗin da ya rage ya haɗu da yashi, su riƙa cin folin da bututun tare. Da farko za ka ji ƙiiƙ-ƙiiƙ duk tudun rage gudu da ka hau. Daga baya ramin tsakiyar ya buɗe, gum ɗin da ka guje wa ya dawo. Abin da masu talla ba sa faɗa ke nan: foli yana daɗewa ne a hannun mai kwance shi lokaci-lokaci ya wanke ya sake sa masa giris. Direban da ke fita da asuba ya dawo bayan isha'i, yaushe ya ga wannan sararin?

Sai batun tauri. Ana auna taurin irin waɗannan kaya da ma'aunin da ake kira Shore A, daga 0 zuwa 100. Fuskar tayar mota tana wajen 60 zuwa 70. Robar bushin da ke zuwa da mota daga kamfani galibi tana tsakanin 50 da 70. Foli kuwa daga 70 yake farawa har 95. Kamfanin Powerflex na Ingila, alal misali, yana yin mai launin shunayya a kan 80 don motar titi, baƙi kuma a kan 95 don motar tsere. Amma launi rini ne kawai, kowane kamfani da ma'anar da ya ba nasa. Ja a wurin wannan ba shi ne ja a wurin wancan ba, balle na kasuwa wanda ba suna ba lamba.

Taurin nan yana da amfani, ba a musu. Sitiyari yakan yi kaifi, mota ta bi inda aka nuna mata, saitin taya ya daɗe bai goce ba. Masu tseren mota a Turai da Amurka abin da suke nema ke nan, a kan kwalta mai sulɓi. Kamfanoni irin su SuperPro na Ostireliya kuma sun yi suna wajen masu manyan motocin shiga daji. Amma dukan da rami ya yi wa taya ba ya ɓacewa. In bushin bai shanye ba, gaba zai miƙa shi: ga boljoyin, ga kunnuwan ƙarfen da ke riƙe da lowa-am, ga walda, ga dashbod, ga ƙashin bayan fasinja. Golf 3 da ake haya da ita a wannan yanki an fara ƙera ta ne a 1991, mafi ƙuruciyarsu ma ta haura shekara 25. Da yawansu an yi musu walda a ƙasa ba sau ɗaya ba. Idan bushin ya mutu, bushin za ka saya. Idan mazaunin lowa-am ya tsage, mai walda za ka nema, kuma motar da wuya ta sake tafiya daidai.

Inda foli ya fi roba fintinkau shi ne wajen jure mai da tsufa. Roba ba ta shiri da man inji, ko man giya, ko na sitiyari, ko gas. In suna ɗiga a kanta sai ta kumbura, ta yi laushi, ta saki ƙarfen da aka manne ta da shi. Zafi da iska ma suna busar da ita, ga shi a watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, ƙasan mota kuma ya fi haka. Foli bai damu da mai ba, kuma ba ya tsattsagewa da wuri. Duk da haka shi ma yana da iyaka: kusa da salansa yakan yi laushi, mai arhar cikinsa kuma in danshi da zafi suka daɗe a kansa yakan marmashe.

Abin da na lura da shi shi ne, da yawa daga masu kukan cewa robar yanzu ba ta da ƙarko, in ka leƙa ƙasan motarsu za ka tarar da inji ko sitiyari yana yoyo daidai kan bushin ɗin. Wasu kuma da hannunsu suke kashe shi: a wanke ƙasan mota da gas ko kananzir, ko a watsa wa ƙafa baƙin mai wai don ta daina ƙara. Ta daina ɗin, na kwana biyu. A toshe yoyon kafin a sa sabon bushin, kowane iri ne.

Gurbi-gurbi

Ba dole ba ne mota ta zama duk roba ko duk foli. Kowane gurbi da irin motsinsa.

Robar sitabilaiza, wadda ke rungume da sandar a jikin mota, nan ne foli ya fi dacewa. Sandar dama can juyawa take a cikinta, ba nauyin mota a kai, kuma noti biyu ne a kwance a sa giris a mayar. In ka samu mai kyau, sa shi. Ka dai auna kaurin sandar, don mota iri ɗaya takan zo da sanda mai kauri daban-daban.

Sifirin ɗin baya na Hilux da Hiace da Canter, da sauran a-kori-kura masu dakon buhuna ranar Juma'a zuwa kasuwar Wudil, nan ma foli yana da hujja. Nauyi yana latse roba a wannan gurbi har ta fito ta gefe. Foli ya fi jure latsa. Amma da sharaɗi: a haɗa shi da fin mai bakin giris, wanda za a riƙa ɗura masa da famfo ba sai an kwance ba. In babu wannan, roba mai kyau ta fi kwanciyar hankali.

Lowa-am ɗin gaba a nan ake yawan kuskure. A Golf 3 da Corolla irin ta 2003 zuwa 2008 bushin biyu ne a jikinsa. Na gaba ƙarami ne, a kwance yake, motsinsa sama da ƙasa ne kawai. Wannan zai karɓi foli mai sauƙin tauri, ko da yake ba wata riba mai yawa. Na baya babba ne, faffaɗa, notinsa a tsaye yake, kuma in ka duba za ka ga an bar ramuka biyu a cikin robar. Ba ƙarancin roba ba ne ya sa. Injiniyoyi sun bar su ne don in taya ta daki bakin rami ta samu ta ɗan ja baya, dukan ya ragu. Wannan bushin yana lanƙwasa ta fuska fiye da ɗaya a lokaci guda, abin da foli mai tauri ba ya so. A bar shi roba. Wanda ke ganin mai ramukan yana saurin yagewa a Golf, akwai na roba cikakke marar rami, irin wanda aka sa wa Audi TT. Ya fi tauri kaɗan, ya fi daɗewa, kuma ba ya neman giris. A ganina wannan ita ce matsakaiciyar hanya ga motar haya.

Manyan bushin biyu da ke riƙe da gatarin bayan Golf su ma roba. An tsara su ne su ba da kai ta wata fuska su ƙi ta wata, don bayan mota ya bi gabanta a kwana. Robar da inji ke zaune a kai kuwa kada ma a fara. In aka sa foli a nan, duk rawar inji sai ta shigo cikin mota, musamman mai shan gas, har madubi ya riƙa karkarwa a tsaye. Idon shakazoba, duk wanda ka samu mai kyau.

Wani abu kuma da ya kamata masu lodi su sani. Golf wagon da aka cika da buhuna masu kilo 100-100, but a buɗe an ɗaure da igiya, bayanta na neman taɓa ƙasa, ba bushin ne zai ɗaga ta ba. Nauyi aikin sifirin ne. In sifirin ya kwanta, robar bushin tana zama a murɗe dare da rana, dole ta yage da wuri. Wanda ya canza bushin ya bar gajiyayyen sifirin zai dawo gareji kafin kaka.

A kasuwa

Daga Wudil zuwa Kano kimanin kilomita 40 ne, kuma mafi yawan kayan gyaran da ke shagunan yankin daga can suke zuwa, daga Ƙofar Ruwa da Sabon Gari. Ka je da tsohon bushin ɗin a hannunka, ko lowa-am ɗin gaba ɗaya, kada ka dogara da sunan mota kawai. Mai shago zai tambaye ka, "Alhaji, mai kyau kake so ko mai sauƙi?" Wannan tambaya ta fi ta roba da foli muhimmanci ga yawancin mutane, don abin da ke kashe musu kuɗi shi ne jabun roba mai mutuwa cikin 'yan watanni.

Sunayen da aka sani da inganci a motocin Jamus su ne Lemförder da Febi da Meyle. A na Japan akwai na Toyota na asali, akwai RBI na Tailan. Amma kwali ma ana buga jabunsa, don haka kayan za ka duba. Danna robar da farce: mai kyau takan ba da kai ta dawo nan take, ba ta bar shaida ba. Goga ta a tafin hannu, in ta bar baƙi sosai an cika ta da gari. Duba inda roba ta haɗu da ƙarfe, kada ka ga wata kafa ko ɓawo. Gwada kaurin gwangwanin waje da na tsohon, na jabu yakan zo siriri, ya lanƙwashe wajen sawa. Araha ba ta ado, balle a nan inda kuɗin aiki da na saiti sukan kai na kayan ko su fi.

Lowa-am ɗan Beljiyam, wato wanda aka ciro daga tsohuwar motar waje, sau da yawa ya fi sabon jabu, don robarsa ta kamfani ce. Sai dai roba tana tsufa ko ana aiki da ita ko ba a yi. Zura ƙarfe a bututun ka murɗa, ka ga ko tsaga za ta buɗe baki.

Akwai kuma na gida. Wasu suna yanko bushin daga tsohuwar tayar babbar mota, wasu suna feƙe wata farar roba mai tauri a inji, ana ce mata teflon. Na taya zai fitar da kai kunya a robar sitabilaiza ko idon shakazoba ko sifirin, in ka maƙale a hanya. Farar nan kuwa ba foli ba ce, ta fi shi tauri nesa, kusan ba ta ba da kai ko kaɗan. Wanda ya sa ta a lowa-am ya mayar da gaɓar kusan ƙarfe da ƙarfe. Ban ba kowa shawarar ta ba.

Shi foli na gaske ba ko'ina ake samunsa ba, sau da yawa sai an yi odarsa, kuma ya fi roba tsada. Na kirki yana zuwa da sunan kamfani, da lambar motar da aka yi shi dominta, da bututunsa, da ɗan ƙunshin giris ɗinsa. In babu waɗannan, kana sayen launi ne.

Wajen sawa

Da yawa daga bushin ɗin da ke mutuwa da wuri a gareji aka kashe su, ranar da aka sa su. Ka tsaya a kan aikinka.

A canza hagu da dama tare. In ɗaya sabo ne ɗaya tsoho, mota za ta riƙa jan gefe in an taka birki. Kafin a fitar da babban bushin mai ramuka, a yi wa lowa-am alama da alli ko fenti daidai inda ramukan suke kallo, don sabon ya zauna haka. Wasu suna da kibiya a jiki. In aka juya shi, inda ya kamata ya yi laushi ya yi tauri, inda ya kamata ya riƙe ya saki.

Da injin matsi ake fitar da tsoho a shigar da sabo. Inda babu, za ka ga yaron gareji ya ɗora lowa-am a kan dutse, ya kafa soket a kan bushin yana zabga masa guduma, ko a cinna wa tsohuwar robar wuta, baƙin hayaƙi na tashi, tana ɗiga. Guduma tana buɗe ramin lowa-am har sabon bushin ya riƙa juyawa a ciki, tana kuma raba roba da ƙarfenta tun kafin mota ta taka ƙasa. Wuta tana rage wa ƙarfe ƙarfi, in kuma lowa-am ɗin na alminiyam ne ta gama da shi. Gara ka ɗauki lowa-am ɗin a babur ka kai inda ake da injin matsi, ka biya, ka dawo da shi. In robar tana buƙatar santsi wajen shiga, ruwan sabulu ne, ba giris ba, ba man birki ba.

Sai babban sirrin, wanda ba ya cin ko kwabo. Notin da ya ratsa bushin ɗin roba na kwance ba a ɗaure shi tamau mota tana sama. Idan mota na kan jak, ƙafa a saki take, ta rataya ƙasa. In aka ƙulle notin a haka sannan aka sauke motar, lowa-am zai ɗaga zuwa mazauninsa, robar kuma ta murɗe ta zauna a murɗe tun kafin a tayar da inji. Kowane rami sai ya ƙara mata a kan wanda take ciki. Abin da ake yi shi ne a ɗaura notin sako-sako, a sauke motar ta tsaya da ƙafarta, a girgiza ta sau biyu ko uku, sannan a shiga ramin gareji a ɗaure. In babu rami, a ɗora tayoyin a kan wani abu mai ƙarfi da faɗi, ko a sa jak a ƙarƙashin lowa-am a ɗaga shi har ya ɗauki nauyin motar.

Ba sai an yi faɗa ba. Ka ce, "Maigida, don Allah a bar notin nan sai mun sauke ta." Bakanike ƙwararre zai ce maka dama haka zai yi. Wanda ya ce, "Haba Alhaji, ai duk ɗaya ne," ka lallaɓa shi ya yi yadda ka ce, gaba kuma ka san inda za ka kai motarka.

Foli bai damu da wannan ba tunda juyawa yake, amma yana da nasa sharuɗɗan. A karanta takardarsa, don wani ana cire tsohon gwangwani, wani kuma a cikinsa yake zama. A kankare tsatsa, a wanke ramin tas. A shafe bututun da cikin bushin ɗin da giris ɗin da ya zo da shi, ko mai silikon, wanda ruwa ba ya saurin wankewa. Shawarata ga mai bin hanyoyinmu ita ce ya sake masa giris sau biyu a shekara, bayan ɗaukewar damina da bayan wucewar hunturu.

Ko wanne aka sa, in an taɓa lowa-am sai an yi saitin taya. Kada a ce sai wani mako. Tayar gaba guda ɗaya takan fi bushin roba tsada, kuma tafiya kaɗan ta isa ta cinye gefenta. Bayan mako guda ana aiki da motar, a koma a sake taɓa notunan.

Ga mai Golf ko Sharon ko Corolla da ke bin hanyar Utai kullum, hukuncina shi ne roba mai suna a lowa-am da gatarin baya da mazaunin inji, a sa da injin matsi, a ɗaure a ƙasa. Foli a sitabilaiza in ya samu. Mai a-kori-kura ya ƙara da sifirin ɗin baya, in zai iya riƙe alkawarin giris. Kuɗin da ya rage a toshe yoyon mai da shi.